Inji ya datse wa maigidana yatsu a wurin aiki, kamfani ya ce taimako kawai zai yi

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga Kano. Maigidanta ya shekara huɗu yana aiki a wani kamfanin roba, albashinsa naira 80,000 a wata, shekarunsa 34. Kwana tara da suka wuce, cikin aikin dare, inji ya kama masa hannun dama ya datse yatsu uku. Kamfani ya biya kuɗin asibiti na farko. Yanzu manaja ya aiko da naira 200,000 tare da wata takarda ta Turanci, wai ya sa hannu a rufe magana. Sun ce masa shi ma'aikacin wucin gadi ne, ejan ne ya kawo shi, saboda haka abin da aka ba shi ma alfarma ce. Tana tambaya ko yana da wani haƙƙi, kuma su karɓa ko su ƙi.

Malama, sannu da jinya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce. Na daɗe ina aikin lauya a kan rigingimun ma'aikata da iyayen gidansu, kuma irin maganarki ta fi kowace yawan zuwa gabana, don haka bari in fara da abin da ba ya jira.

Kada ya sa hannu a takardar nan, kada kuma ya dangwala yatsa. Sannan yau ɗin nan, ba gobe ba, a rubuta wa kamfanin takardar sanarwa. Doka ta ba ma'aikacin da ya ji ciwo kwana 14 ya sanar da uban gidansa, ku kuwa kun riga kun cinye tara. Takardar ba ta buƙatar lauya, ba ta buƙatar babban Turanci. Sunansa, ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa, a wane sashe na kamfanin, wane inji ne, me ya same shi. Shi ke nan. A yi kwafi biyu, wani ɗan'uwansa ya kai wa manaja ko mai kula da ma'aikata, a sa wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. Idan sun ƙi karɓa, a ɗauki hotonta a tura wa manajan ta WhatsApp, a adana saƙon.

Na san abin da za ki ce: ai sun sani, su suka ɗauke shi a motar kamfani suka kai shi asibiti. Gaskiya ne, kuma dokar ma ta yi sassauci idan aka tabbatar uban gida ya san da hatsarin. To amma wa zai tabbatar? Bayan wata takwas, heluman da ya ɗaure masa hannu da tsumma a daren zai iya cewa bai tuna ba, domin shi ma yana da bakin da yake ciyarwa. Takarda ba ta tsoron kora.

Dokar da nake magana a kanta ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar. Ita ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987, ta zamanin soja. A tsohon tsari, kamfani ne ke biyan ma'aikaci daga aljihunsa ko ta hannun kamfanin inshora, a dunƙule sau ɗaya: albashin wata 54 ga wanda ya naƙasa kwata-kwata, na wata 42 ga iyalan wanda ya rasu. Ke ma kin san yadda abin zai kasance idan wanda zai biya shi ne kuma mai riƙe da takardun shaida. Sabuwar dokar ta raba su. Ta ɗora wa kowane uban gida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata a wani asusu da hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, NSITF, ke riƙewa, daga nan ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa. A kan albashin maigidanki naira 800 ke nan a wata. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, naira 700. Kuɗin nan kamfani ne zai biya daga nasa, doka ta hana a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci da sunansa.

Sai maganar wucin gadi, wadda ita ce sandar da aka fi doke talaka da ita. Ba ta da tushe. Dokar ta fassara ma'aikaci da faɗi sosai: wanda aka ɗauka da takarda da wanda aka ɗauka da baki, na dindindin da na ɗan lokaci, na rabin yini, mai koyon sana'a, leburan da ake biya kullum, har ɗan aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma duk suna ciki, haka na kamfanoni masu zaman kansu. Sojoji ne kawai aka cire, su ma ban da farar hula da ke yi musu aiki. To mutumin da ya shekara huɗu yana shiga ƙofa ɗaya, yana tsayawa a gaban inji ɗaya, a ce masa ba ma'aikaci ba ne? Ina ma ƙara miki da cewa Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Idan ba su ba shi ba, laifinsu ne, ba hujjarsu ba.

Batun ejan yana da ɗan sarƙaƙiya, ba zan ɓoye miki ba. Kamfanoni da yawa a Sharaɗa da Bompai da Challawa, da ma Kaduna da Legas, ba sa ɗaukar leburori kai tsaye, sai ta hannun ɗan kwangila, don in rana ta ɓaci kowa ya nuna ɗan'uwansa. Maganin wannan shi ne kada ku zaɓar musu. Takardar sanarwar nan a kai wa kamfani, a kai wa ejan, a kuma rubuta sunayensu duka biyun a duk inda za a kai ƙorafi. Su je can su warware wanda ya kamata ya zuba kuɗin a tsakaninsu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce babu kowa.

Za su kuma ce laifinsa ne, shi ya kai hannu, ko gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wannan ma kada ya tsorata ku. An gina tsarin ne a kan cewa ba sai an nemo mai laifi ba. Tambayar da ake yi ita ce: raunin nan a sanadin aiki ko a cikin aiki ya same shi? Idan e, diyya ta hau. Mutum yana tsaye tun magariba har ƙarfe uku na dare a gaban injin da ba ya gajiya, idan ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya, irin wannan kuskuren ne aka kafa asusun dominsa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda na fi so ki natsu. Mu Hausawa idan aka ce diyya, abin da ke zuwa mana shi ne ta shari'ar Musulunci, wadda aka ƙayyade, raƙuma goma ga kowane yatsa, a biya a gama. Ta wannan dokar ba haka take ba. Ba farashin yatsa take biya ba, abincin da hannun ke nemowa take ƙoƙarin mayarwa. Shi ya sa ake lissafa ta da albashi, kuma a manyan raunuka wata-wata ake biya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, kamar wanda ya rasa hannu biyu ko idanu biyu, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya rasa wani sashe, kamar maigidanki, likitoci za su duba shi, a auna da jadawalin da ke ƙarshen dokar wanda ya jera gaɓoɓi da kason kowace, a ƙiyasta nawa ya rasa daga ƙarfin nemansa, sannan a ba shi kashi 90 cikin 100 na wannan asarar. Babban yatsa da manuni sun fi sauran nauyi a lissafin, kuma ana duba a gaɓa ta nawa aka yanke.

Bari in yi miki misali da alƙalami, amma ki riƙe cewa kason da zan ɗauka nawa ne na misali, na gaskiyar sai likitocin hukuma sun gan shi. A ce an ƙiyasta ya rasa kashi 40. Kashi 40 na naira 80,000 shi ne 32,000. Kashi 90 na wannan shi ne 28,800 a wata, wato 345,600 a shekara. Dokar ta ce wanda bai kai shekara 55 ba ranar da ya ji ciwon, ana biyan sa har ya kai 55, ko har lokacin da aka tabbatar zai yi ritaya idan ya wuce haka. Daga 34 zuwa 55 shekara 21 ne. Ki ninka, za ki ga ya haura naira miliyan 7. Ko an rage kason zuwa rabi, ki ɗora shi kusa da naira 200,000 ɗin da aka aiko a ambulan ki ga bambanci. Ba na cewa kuɗin mai yawa ne. Da tsadar rayuwar nan, 28,800 ba ta riƙe gida, kuma a ganina babban raunin tsarin ke nan, an ɗaure shi a jikin albashin da tun asali bai isa ba. Amma abu ne mai zuwa bayan abu, ba wanda zai ƙare kafin ɗinki ya warke ba.

Bayan wannan akwai kuɗin magani: asibiti, tiyata, magunguna, gashin ƙashi, har hannu ko ƙafar roba ga wanda ya buƙata. Akwai biyan kwanakin da ya yi a kwance bai iya aiki, kuma lissafinsu yana farawa ne daga ranar aiki ta farko bayan ranar hatsarin. Akwai wani dunƙulallen kuɗi ga wanda rauni ya ɓata wa kamanni sosai. Dokar ta kuma ba hukumar damar taimaka wa mutum ya koyi wata sana'ar da ta dace da halin da ya shiga. Wannan na ƙarshen mutane ba su cika nema ba, ku kuwa ku nema, domin mai yatsu biyu a hannun dama da wuya ya koma gaban injin nan.

Komawa kan takardar manaja. Ban gan ta ba, amma na ga ƙannenta da yayyenta. Yawanci layi huɗu ne ko biyar: na karɓi kaza a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ba ni da sauran wata magana da kamfani, hatsarin ya faru ne saboda sakacina. Shekarun baya wani magidanci ya zo ofishina da baƙar leda cike da takardu, hannunsa na dama a naɗe cikin mayafi. Ya zazzage ledar a kan tebur: katin asibiti, rasit na kemis da ruwa ya taɓa, katin shaidar aiki da hotonsa ya koɗe, da irin wannan takardar. A ƙasanta akwai dangwalen babban yatsa, shuɗi, ya ɗan karkace. Na tambaye shi wane hannu ne, ya ce na hagu, ai na daman yana cikin bandeji, a kan gadon asibiti aka kawo masa, kwana uku da yi masa aiki, allurar barci ma ba ta gama sakinsa ba. Wanda ya kawo ta ya ce masa takardar sallamar kuɗin magani ce. Bai san abin da ke ciki ba sai da na karanta masa da Hausa. Ya yi shiru, can ya ce, "Lauya, ke nan na sayar?"

Bai sayar ba. Sashe na 13 na dokar ya hana ma'aikaci da uban gidansa su yi yarjejeniyar yafe wannan haƙƙin, kuma ya ce duk wadda aka yi, ko da wace siga ce, ɓatacciya ce. Saboda haka ko da maigidanki ya riga ya dangwala, ƙofa ba ta rufe ba. Amma me zai sa ku ba su abin da za su riƙa kaɗawa a gaban hukuma? Layin nan na "sakacina ne" ba ya hana diyyar asusu, sai dai idan magana ta kai kotu yana iya zama ƙaya. Mutumin nan mun sha wahala kafin mu kawar da tasa.

Abin da ke kan kamfani shi ne ya kai rahoton hatsarin ga NSITF cikin kwana 7, idan rasuwa ce kuma nan take, rashin yin haka laifi ne a dokar. Dokar Masana'antu ma ta ce hatsarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku sai an sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kwana bakwan nan sun wuce. Ku tambaye su kai tsaye: kun kai rahoto? Ina kwafi? Yadda manaja zai amsa wannan tambayar zai gaya muku abubuwa da yawa. Kamfanin da ke zuba kasonsa duk wata ba shi da dalilin ɓoye hatsari, tunda ba daga aljihunsa za a biya ba. Idan kin ga ana gaggawar kawo ambulan da takarda, to akasari ɗayan biyu ne: ko ba su yi rajista ba sam, ko sun yi amma sun miƙa sunayen manyan ma'aikata talatin sun bar leburori ɗari uku a waje.

Kada ku jira su. Fom ɗin neman diyya ma'aikacin ne da kansa ke sa masa hannu, ko waɗanda yake ciyarwa idan ya rasu. NSITF tana da ofis a Kano. Ku je da shi idan ya iya fita, ko wani namiji daga danginsa ya fara zuwa ya karɓo fom ya ji abin da suke buƙata. Wa'adin nema shekara ɗaya ne daga ranar da abin ya faru. Hukumar na iya karɓa har zuwa shekara uku idan akwai uzuri na musamman, amma wannan ganin damarta ne, ba abin dogaro ba. Na ga mutanen da aka yi ta yi wa "ka dawo wata mai zuwa, oga ya yi tafiya" har shekara ta zagayo. Wani jan ƙafar ba lalaci ba ne, lissafi ne.

Idan aka duba aka ga kamfanin bai yi rajista ba, ko sunansa ba ya cikin waɗanda aka miƙa, a nan aiki yake ƙaruwa. A abin da na saba gani, abu na farko da jami'an hukumar ke bincika ke nan, kuma fayil yakan tsaya a wurin. Ku dai shigar da takardunku a rubuce, ku karɓi shaidar shigarwa, domin rashin rajistar laifin kamfani ne kuma hukumar na da ikon bin sa. Daga nan sai a nemi lauya a duba hanyar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'o'in aiki da ma'aikata, tana kuma da reshe a Kano da Kaduna. A can ana iya neman diyya a kan sakacin kamfani, kuma abin da ake samu yakan fi na asusu, sai dai a can dole a kawo hujja: injin ba shi da murfin kariya, ko an cire shi don aiki ya yi sauri, ko ba a koya wa mutum ba aka tsayar da shi, ko an sha kai ƙorafin injin ba a gyara ba. Dokar Masana'antu ta wajabta a killace duk wani sashe na inji mai hatsari. Shari'a kuma tana cin lokaci. Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai: hanyoyin nan biyu ba a haɗa su a ci duka, tsarin dokar shi ne diyyar asusu ta tsaya a madadin ƙarar uban gida. Don haka da zarar kun gano matsayin rajistar kamfanin, ku zauna da lauya kafin ku ƙara taku. Idan babu halin biya, akwai hukumar ba da lauyoyi kyauta ta tarayya, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a, akwai kuma ƙungiyar ƙwadago ta NLC reshen jiha.

Ko ta wace hanya aka bi, shaida ce ke magana, kuma a makon nan ake tara ta. Ki samo jaka guda ki ware. Katin asibiti, hoton ƙashi, takardar sallama, kowane rasit ko na naira ɗari biyu ne. A roƙi likitan da ya yi aikin ya rubuta rahoto, ya faɗi yatsun da aka rasa da gaɓar da aka yanke, ya kuma rubuta cewa a wurin aiki ne, domin wani lokacin wanda ya kai majinyaci asibiti yakan ce a gida abin ya faru, haka kuma za a rubuta a fayil. Ku duba wannan da idonku. Ku ɗauki hoton hannun yanzu, kafin ya warke. Katin shaidar aiki, rigar aiki mai tambarin kamfani, duk ku ajiye. Idan ta banki ake biyan sa, alat ɗin da ke wayarsa zinariya ne, a je banki a fitar da bayanin asusu na shekara guda. Idan a hannu ake ba shi, a nemi abokan aiki biyu da za su iya faɗin nawa ake biya, a rubuta sunayensu da na waɗanda ke wurin a daren. Kuma don Allah a ci gaba da zuwa asibiti. Ban raina masu ɗori da masu maganin gida ba, amma ba sa ba da takarda, kuma wanda ya bar asibiti ya koma gida ciwo ya ruɓe, za a ce shi ya jawo. Kuna Kano, asibitin ƙashi na Dala yana kusa da ku.

Idan hukumar ta yanke abin da bai gamsar da ku ba, ta ƙi biya ko ta sa kaso kaɗan, kuna da kwana 180 ku rubuta mata ta sake dubawa. Wanda ya bari suka wuce ya rasa damar. Idan ta sake dubawa ba ku gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata.

Tunda wasu za su karanta wannan amsar ba ke kaɗai ba, bari in taɓa abu biyu da sauri. Ba sai a cikin kamfani ba: wanda ya yi hatsari a Adaidaita Sahu tsakanin gidansa da wurin aiki, ko a hanyar inda ya saba cin abinci ko karɓar albashi, shi ma dokar ta ba shi haƙƙin diyya, muddin uban gida ya san da wurin tun farko. Shi ya sa yake da kyau adireshin da ke fayil ɗin mutum ya zama na gaskiya. Haka ciwon da aiki ke sakawa a hankali, kamar na ƙirji ga masu shaƙar ƙura da sinadari, ko kurumta ga masu yini cikin ƙarar inji. Idan kuma rasuwa ce, matar da ke da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90 na albashin mamacin duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, yaran kuma ana lissafa su har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Dokar waɗanda mamacin ke ciyarwa take kallo, ba jerin magada ba, kuma wannan yakan kawo saɓani a gidajenmu idan 'yan'uwa suka ɗauka gado ne za a raba. Daban yake kuma da inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfanonin da ke ƙarƙashinta. Samun ɗaya ba ya hana neman ɗayan.

Akwai abin da ba ki rubuta ba amma na san yana nan. Za a sami dattijo a dangi da zai ce a bar wa Allah, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kada a yi shari'a da wanda ya ba ka abinci shekara huɗu. Ku saurare shi da ladabi. Ni ma na yarda ƙaddara ce. Amma neman diyyar nan ba ƙarar kowa ba ce, ba kuma butulci ba ne. Kuɗi ne da doka ta ce a riƙa zubawa a asusu domin maigidanki da ire-irensa tun ranar da ya fara aiki. Wanda aka yi wa rasuwa ya yarda da ƙaddara, bai kuma hana shi zuwa karɓar haƙƙin mamaci ba. Dattijon da ya ce a yafe, ba shi zai biya kuɗin makarantar yara ba shekara biyar nan gaba.

Tsoron kora kuma gaskiya ne, ba zan ce miki ba za su iya ba. A kamfanoni masu zaman kansu dokarmu ba ta ba ƙaramin ma'aikaci kariya mai ƙarfi ba, ana iya ba shi notis a sallame shi. Sai dai sallama ba ta goge diyya, domin haƙƙin ya tabbata ne tun daren da abin ya faru yana ma'aikacinsu. Abin da zai kiyaye shi ne kada ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa ko an lallashe shi, kada kuma ya ɗauke ƙafa haka nan. Duk hutun da likita ya ba shi, a kai wa kamfani kwafi a karɓi shaida, don kada a rubuta cewa ya gudu daga aiki.

Naira 200,000 ɗin kuwa, na san gida da majinyaci ba ya rasa buƙata, ba zan ce ku mayar da ita don nuna zuciya ba. Wanda zai je wurin manaja ya je da mutunci, ya yi godiyar ɗawainiyar asibiti, ya ce za a karɓa a matsayin kuɗin jinya. A rubuta rasit da hannu, layi biyu: an karɓi naira kaza daga kamfani kaza ranar kaza domin ɗawainiyar jinya, wannan bai shafi haƙƙin diyya na doka ba. Ku sa hannu a wannan, ku riƙe kwafi. Idan manaja ya ce sai dai tasa takardar ko a fasa, a bar masa kuɗinsa, a roƙi ya bari a ɗauki hoton takardar a waya, a sa a jakar nan tare da sauran.